Waken Gwaggo da Lamba Huɗu

Na daɗe ina riƙe da rubutun magazar ƙungiyar manoma a Gazawa, wato ɗakin ajiyar hatsinsu, kuma a duk shekarun nan abu guda ne nake jin kunyarsa har yau. Ban ci kuɗin kowa ba, ban saci ko ƙwayar hatsi ba. Lamba huɗu kawai na danna a na'ura.

Ina da gwaggo, yayar babana, a wani ƙauye kusa da Gangara. Wurinta aka kai ni yaye, kuma ita ce mutum ɗaya a duniya da ba na iya ɗaga wa murya, ni da ko mijina ya san halina. Tana da wani wake da ta taho da shi gidan aure daga hannun uwarta. A gidanmu ɗan kunya muke ce masa, don yana ɓoye 'ya'yansa ƙarƙashin ganye, sai ka duƙa za ka gan su. Ƙanana ne, farare, masu jan ido. In ruwa ya ɗauke kwana ashirin sauran wake su yi yaushi su mutu, shi kuwa ya lafe ya jira. A da kowane gida a ƙauyen yana da shi. Da aka kawo irin furoje, wato na shirin tallafin noma, mai saurin nuna, mutane suka bar shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ina cikin waɗanda suka bi ƙauyuka suna yi musu wa'azin sabon iri. Daga ƙarshe gwaggo kaɗai ta rage da shi.

Wata shekara gara ta cinye ƙafafun rumbunta, ya kife da kaka, ya fasa tulun da take ajiye iri. Ni da bakina na ce ta kawo waken magaza. Na yi mata bayanin buhunanmu masu leda a ciki, waɗanda ƙwaro ba ya rayuwa a cikinsu, na ce ga gini na siminti, ga mai gadi, ga ni kuma. Ta daɗe tana juya maganar kafin ta yarda. Ta cuɗe shi da toka yadda ta saba, tiya tara cif, duk abin da ta mallaka ke nan. Muka ɗora a sikeli ya ba da kilo ashirin da uku. Na jingine shi da hannuna a lungun gabas, na ce mata ta kwantar da hankalinta.

To, a burona, wato ofishina, na'ura biyu gare ni. Ɗaya furojen da ya gina mana magazar ne ya bar mana ita, cikinta nake rubuta duk buhun da ya shigo da wanda ya fita. Ɗayar ta babbar magazar Gidan Rumji ce, su ne ke tattara iri daga wurarenmu su raba wa ƙauyuka in damina ta matso. Teburi ɗaya suke kai amma ba sa ga maciji da juna. In na kwashi rubutu daga ta farko a kile, 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa na'ura, na sa a ta biyu, ko dai ta ƙi buɗewa, ko ta watso mini wasu ƙwarangwal ɗin alamu da ko mai su ba zai karanta ba. Saboda haka ni ce 'yar aike a tsakaninsu: in duba nan, in buga can, layi bayan layi, har idona ya yi ruwa.

Na taɓa tsare injiniyan da ke zuwa duba su na tambaye shi dalili. Ya ce kowane kamfani yana da yadda yake jera bayanansa, kuma ɓoye tsarin yake yi don kada ka bar shi ka koma wa wani. Na ce masa wannan ai mugunta ce da rigar boko. Tiyar kasuwa ko ta fi wata girma, kowa yana iya ɗaukarta ya juya ya ga gindinta. Ya yi dariya ya ce in kai ƙara sama, shi ɗan gyara ne.

Na'ura ta farko tana da wani ɗan gurbi inda mutum zai rubuta abin da ya ga dama. Nan na rubuta cewa ajiya ce, irin gida ne, kada a taɓa. Ta Gidan Rumji ba ta da wannan gurbi. Wake shida ta sani, lamba ɗaya zuwa shida, babu na bakwai, babu wurin bayani. Kuma in yawan buhunan da ka shigar bai yi daidai da na cikin magaza ba, ba za ta aika komai ba, sai ta yi ta nuna maka jan rubutu kamar kai ne ɓarawon. Ran nan ƙarshen wata ne, darakta ya kira ni sau uku, rezon intanet yana zuwa yana ɗaukewa, ga shi buhu ɗaya ya hana ni tashi. Na duba jerin. Lamba huɗu farin wake ne na furoje. Na ce ai shi ma fari ne, na danna. Nan take ta yarda, ta fitar da 'yar takarda mai lamba huɗu, mai gadi ya liƙa ta a buhun kamar yadda yake liƙa wa kowane. Na ce gobe zan cire ta, gobe kuma ta zo da nata aikin.

Da bazara ƙanwata ta haihu a Agie, na tafi na yi mako. A cikin makon nan Gidan Rumji suka aiko a ɗora duk wake lamba huɗu a kamyo, babbar motar kaya. Masu dako ba su san da wani gurbi a na'ura ba, takardar jikin buhu suke dubawa, kuma sun yi aikinsu daidai. Na dawo na ga magaza ta yi fili, har na ji daɗi. Wallahi ko lungun gabas ban leƙa ba.

Ruwan shuka ya sauka, aka gama da hatsi, sai ga gwaggo a amalanken jaki ta zo ɗaukar ajiyarta. Na shiga da fara'ata na tarar da lungu wayam. Na koma kan na'ura na ga layin a cikin waɗanda suka fita. Abin da na yi bayan haka ya fi danna lambar muni: na fito na ce mata buhun yana ɗakin ciki, mai makulli kuma ya yi tafiya, ta ba ni kwana biyu. Ta dube ni yadda take dubana lokacin da nake satar mata ƙuli-ƙuli. Ta sha ruwa, ta hau amalankenta.

Da asuba na shiga mota. Agie, Maradi, Tibiri, ban ga hanya ba, ban ji yunwa ba, masifa kawai nake haɗawa a raina wadda zan sauke wa mutanen Gidan Rumji. Mai kula da magazarsu wani dattijo ne Bagobiri, mai sanyin magana. Ya bar ni na zazzage duk abin da na taho da shi, na zagi na'urarsu, na zagi wanda ya ƙera ta, sannan ya turo mini kujera.

"Ɗiyata," ya ce, "abin nan bai san gwaggonki ba. Huɗu kika gaya mishi, huɗu ya riƙe."

Gaskiya ya faɗa. Ya ce lamba huɗu an riga an raba wa ƙauyuka da yawa, kuma a wurin na'ura duk buhu ɗaya ne da ɗan'uwansa. Sai na tuna sikeli. Sauran buhuna duk cikakku ne, na gwaggo kaɗai ne kilo ashirin da uku. Ashe a duk abin da na'urorin nan biyu ke musu a kai, kilo ne kawai suka yarda da shi tare, don ba ɗayansu ne ya ƙirƙiro shi ba. Dattijon ya sa tabarau ya bi layuka da yatsa. Ga shi nan, an kai shi wani ƙauye a ƙasar Sae Sabuwa kwana biyar da suka wuce.

Na ɗauki babur ɗin kabu-kabu. Yashi ya kayar da mu sau ɗaya, na tashi na kakkaɓe zane na ce mu tafi. Ko'ina mutane na duƙe a gona, kuma duk macen da na hango da ƙwarya a hannu sai in ji kamar waken gwaggo take zubawa a rami.

Shugabar matan ƙauyen tsohuwa ce, sa'ar gwaggo, doguwa mai tsagar Gobir. Na yi mata bayani a tsaye. Ta ce ta gane buhun. Ranar rabo sun zazzage manyan buhuna a tabarma, suka bar ƙaramin daga ƙarshe. Da aka kifa shi sai toka ta tashi. Ita kuwa ta yi wuf ta damƙe bakin buhun, ta ce a tsaya, wake mai toka ba na furoje ba ne, irin gidan wata ne ya ɓato hanya. Amma mafi yawansa ya riga ya zube a kan tsibin, ga mata sun yi layi, ga ƙasa da laima. Aka gauraya aka raba, kuma an shuka. Ta shiga ɗaki ta kwanto ragowar daga jikin azara, inda ta rataye shi don ta san mai shi zai biyo sawu. Bai cika tiya biyu ba.

Na rungume buhun na yi godiya a gurguje. Ta ce in tsaya a dama mini fura, na ce sauri nake. A hanya nake ta tunanin tokar nan. Ba wanda ya rubuta ta a takarda, ba wanda ya mallake ta, amma daga Gangara har Gobir duk macen da ta gan ta a cikin wake ta san abin da ake nufi. Ni da lakol ɗina, duk bokon da na yi, da na'ura biyu na kasa isar da saƙon da tokar murhu ta isar.

Washegari na sami gwaggo a gindin bishiyar bedi tana gyaran kalme. Na durƙusa na ajiye buhun, na faɗa mata komai, har da ƙaryar makulli. Ta buɗe, ta ɗebo a tafin hannu, ta hure tokar, ta daɗe tana kallo. Sai ta tambaye ni da wane suna na rubuta shi. Na ce farin wake na furoje.

"Ke da aka yaye ki da shi," ta ce.

Da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Na yi kuka sosai, ta bar ni na gama. Sannan ta tambayi abin da na bar wa matar da ta ɗaure buhun. Na ce ban bar mata komai ba, ai ɗan kaɗan ne ya rage. Ta girgiza kai, ta jawo ƙwarya, ta raba waken biyu daidai, ta ƙulle rabi a tsumma ta miƙo mini.

"Koma ki kai mata. Ki ce a shuka shi nesa da wancan na furoje, kuma sai an duƙa ake ganin 'ya'yansa."

Na koma, kuma a wannan karon na sha furar.

Bayan shekara guda aka tara mu a Maradi, masu rubutun magazu da injiniyoyi da mutanen furoje, don a daidaita yadda na'urorin za su riƙa miƙa wa juna bayani. Aka yarda da tsari ɗaya, a rubuce, a fili, wanda duk mai ƙera na'ura zai iya ɗauka ya bi ba sai ya roƙi kowa ba. Da aka zo jerin iri, wani mai taye ya ce shida sun isa, ƙari rikici ne. Na miƙe ba a ba ni izini ba. Na ce sai an sa gurbin irin gida, sai an sa gurbin ajiya, kuma duk abin da na'ura ɗaya ta rubuta kada ɗayar ta yar da shi don ba ta gane ba, ta wuce da shi gaba yadda yake. Aka ce in zauna, na ce ba zan zauna ba. Sun gaji da ni suka sa. Yanzu in na shigar da buhu a Gazawa, dattijon Gidan Rumji yana ganinsa da duk bayaninsa, ni kuma na huta da aike. Tsarin yana da nasa ciwon kai, amma kowa yana iya buɗe shi ya ga inda ciwon yake.

Na ba gwaggo wannan labari ina jin kaina, ta ce madalla. Ba ta fasa yi mini dariya ba, ba ta fasa aiko mini da kuka da daddawa ba. Amma ta sa an gina mata sabon tulu, kuma ko allura ba ta sake ba ni ajiya ba.

Ta rasu da rani, shekara uku bayan haka. Bayan addu'ar bakwai matar ɗanta ta kira ni ɗaki ta nuna mini tulun, an liƙe bakinsa da laka. Na ɗauka ni aka bar wa, har na miƙa hannu. Ta ce gwaggo ta bar wasiyya a kai wa matar nan ta Sae Sabuwa, wadda ba su taɓa ganin juna ba. Ni kuma ta ce in raka shi, tunda na san hanya.