Sabis Ɗin Gwanjo

A ƙauyenmu da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, ni ne mai fassara duniya. Ba wanda ya naɗa ni. Ina koyarwa a firamare, ina da rediyo, kuma Allah ya hore mini bakin da ba ya iya cewa ban sani ba.

Wata safiya na ji a labarai cewa gwamnati za ta yi gwanjon zangon iska, irin wanda muryar waya ke bi, domin ƙananan kamfanoni su saya su kafa 'yan ƙarafan sabis a ƙauyuka. Rabin bayanin ya wuce ni, amma kafin azahar na cike gurbin da kaina. Na tsaya a bakin masallaci ina shata iska da hannu kamar mai rabon gona, ina cewa kowane kamfani da kunyarsa. Har mahaƙan zinariya, baƙi da ba su san halina ba, suka tsaya suna gyaɗa kai.

A gida na fi zaƙewa. Inna, mahaifiyata, tana da ƙanwa ɗaya tal a Gummi, wadda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar. Hanya ba ta biyuwa saboda tsaro, gwiwoyin Inna kuma sun daina kai ta ko ƙofar gida. Abin da take roƙo kullum shi ne ta ji muryar ƙanwar nan tun suna da rai su biyun. Na buga ƙirji na ce daga kan gadonta za ta yi magana da ita.

Ta ce, "Gwanjo kac ce?"

Na ce, "Na gwamnati ne, Inna, ba irin na kasuwa ba."

"Ni dai ban taɓa ganin wandon gwanjo yak kai ma mutum idon sawu ba."

Na yi dariyar masu ilimi, na fita.

Bayan an daɗe ana jira, aka kafa ɗan ƙarfe mai farantin sola a gefen kasuwa. Ranar da aka kunna shi na taho gida da waya a sama kamar mai neman wata. Sandunan sabis huɗu a fuskar waya a kasuwa, biyu a bakin rijiya, ɗaya a gindin tsamiya. Ina wuce tsamiyar, wayata ta koma fitila. Gidanmu kuwa yana can gaba, ana hango rufinsa. Na hau katanga, na hau rumbu, har wata Bafillatana mai tallar nono ta tambaye ni ko maciji na gani.

Kunya ta ishe ni. Na shiga na soma yi wa Inna bayanin ƙarancin ƙarfin na'ura, ta katse ni.

"Ina abin ya tsaya?"

"Tsamiya."

"To, mu tahi tsamiya."

Na aro baro. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce ita ba buhun gero ba ce. Sai na durƙusa, matata ta ɗora mini ita a baya, ta ɗaure mu da zani. Haka malamin makaranta ya ratsa unguwa da rana tsaka, mutanen da na yi wa lacca suna yi mini sannu da aiki, wasu suna toshe baki.

A gindin tsamiya na so in sauke ta, amma da na rusuna sai sandar ta ɓace. Dole na miƙe tsaye da ita a bayana. Na kira ɗan ƙanwar tata, ya kara wa uwarsa wayar, ni kuma na miƙa wa Inna tawa ta kan kafaɗa. Kunnena yana kusa, ina jin komai.

Aka daɗe ba a jin komai sai numfashi. Can wata murya mai nauyi, wadda harshe ya ƙi ba ta haɗin kai, ta ce, "Yaya."

Inna ta ce, "Na'am."

"Yaya."

"Na'am, ina jin ki. Kak ki wahal da kanki, ni ka magana."

Ta kuwa yi. Ta ba ta labarin awaki, da tsadar gero, da wadda ta haihu, da wanda ya rasu, hawayenta suna sauka cikin wuyan rigata. Na buɗe baki in ce kati ya kusa ƙarewa, ta dungure mini ƙeya.

"Tsaya cik, ɗan nan. Numhwashinta nika saurare."