Sallamar Dawiya

Ranar da Dawiya ta fita takaba, ranar ce ɗanta Abdulhaƙ ya iso daga birnin Tanja da motar kwasar kaya. Wata huɗu da kwana goma ta yi cikin fararen tufafi, yadda matan birnin Fas ke yi, a ɗaki biyun da ta zauna da mijinta shekara arba'in da ɗaya. Da safe matan maƙwabta suka raka ta gidan wanka, suka sa mata jallabiya ruwan ƙasa, suka kewaye ta suna ta motsa baki. Ta gyaɗa musu kai. Ta daɗe da gane cewa gyaɗa kai ne hanya mafi sauri ta rabuwa da masu ji.

Abu ɗaya take so kafin a sa ta a mota: a kai ta kabarin mijinta ta gaya masa inda za ta.

Dawiya kurma ce tun haihuwa. A ƙauyensu na kan dutse ba a cuce ta ba, ba a kuma yi hira da ita ba. Har ta kai shekara goma sha tara maganarta ba ta wuce nuni ba: ci, ruwa, zo, tafi, bari. Ba ta ma san mutane suna da suna ba. Da gwaggonta ta kawo ta birni don ta koyi ƙulla maɓallan zare na jallabiya, aka aike ta wata rana ta kai wa tela aiki. A bakin wani gidan shayi ta ga maza huɗu suna wasa da hannaye a iska, suna dariya har ɗaya yana riƙe ciki. Ta tsaya cak a tsakiyar lungu, mai jaki ya kusa bi ta kanta.

Ɗaya daga cikinsu, wani baduku mai tsagaggiyar gira, ya tambaye ta sunanta. Ba ta gane tambayar ba. Ya dubi koren zanen da aka yi mata daga leɓe zuwa haɓa, ya ja yatsa a tasa haɓar, ya nuna ta. Sannan ya ja yatsa a girarsa ta hagu, inda wuƙar yankan fata ta taɓa shi tun yana koyon sana'a, ya nuna kansa. Ta zama Mai Zane, shi kuma Mai Gira, bayan shekara biyu aka ɗaura musu aure. A hannunsa ta sami jiya da gobe, da ƙarya, da kunya, da "da ma". Har zagi shi ya koya mata, kuma a kansa ta fara gwadawa.

Ƙa'ida ɗaya suke da ita a gidan. Tunda ba mai iya kiran wani, ba mai fita sai ya tsaya gaban ɗan'uwansa ido da ido ya faɗi inda za shi. Ko burodi zai karɓo a bakin lungu, in tana banɗaki sai ya jira ta fito. Maƙwabta suna ɗaukar abin tsabar soyayya, har suna tsokanar mazajensu da shi. Ba su san yadda ake ji ba in ka waiwaya ka ga ba kowa, ba ka san tun yaushe ba, ba ka kuma da bakin tambaya.

Da aka haifi Abdulhaƙ aka ga yana ji, dangi suka yi ta murna kamar su aka yi wa kyautar. Yana shekara biyu gwaggo ta ɗauke shi, wai kada ya tashi bebe. Ranar Juma'a ake kawo shi ya ci kuskus, a mayar da shi kafin la'asar. An ce don a taimaki yaro aka yi, wataƙila kuwa an taimake shi. Ya tashi mutumin kirki, yana aiko magani, ba ya fashin zuwa Salla. Amma maganar hannunsa ba ta kai kalma talatin ba, wadda ya fi ƙwarewa a kai kuwa ita ce "an jima".

Mai Gira ne ya fara karya ƙa'idar. Wata safiya ta juya masa baya tana haɗa shayi, ta wanke na'a-na'a, ta jira ruwa ya tafasa, ta ɗanɗana ta ƙara sukari. Da ta juyo da tire ta same shi kwance a kan siminti, takalmi ɗaya a ƙafa. Ba ta san tun yaushe ba. Ta ajiye tiren a hankali, ko ɗigo bai zube ba.

Maza suka ɗauke shi bayan azahar, mata ba sa bin gawa. Gida ya cika da bakuna masu motsi kwana uku, sannan ya watse. Ba ta yi kukan kirki ba, har wasu suka ce ko ba ta fahimci mutuwa ba ne, baiwar Allah. Ta fahimta sarai. Jikinta ne gaba ɗaya ya zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: tana ganinsa, tana motsa shi, ba ta jin komai. Ta ci gaba da ƙulla maɓallai har suka cika kwanon da take kwaɓa fulawa, ba wanda ya ba ta aikin. Ƙawayenta kurame sun zo sau biyu. Mazan, waɗanda su ne suka san inda aka sa shi, ba su da damar shiga wurin mai takaba.

To, yau ga mota a bakin lungu. Abdulhaƙ ya yanke shawara, ba kuma muguwar shawara ba ce: uwarsa ba za ta zauna ita kaɗai ba, ga ɗaki a gidansa, ga jikoki. Ba wanda ya san maganar hannu a gidan, amma wannan bai zo masa a rai ba. Ta tare shi yana kwance ƙafafun gado. Ta ja yatsa a gira, ta shimfiɗa tafin hannu ƙasa, ta nuna hanya. Ya gane. Ya nuna agogo, ya nuna mota, ya yi mata "an jima". Ya juya yana gaya wa wata maƙwabciya wani abu, maƙwabciyar ta kwatanta mata ƙahon rago. Wato sai babbar Salla.

Dawiya ta gyaɗa kai. Ta jira ya shiga ɗaki, ta ɗauki tsohuwar jarkar man zaitun da ba komai a ciki, ta fita ba ta gaya wa kowa ba.

Gidan shayin yana nan inda yake. Cikin maza huɗun nan saura ɗaya, Jilali kafinta, wanda sunansa a hannu shi ne a kama kunnuwa biyu a ja, don Allah ya ba shi su kamar faifai. Da ya hango ta ya miƙe har kujera ta faɗi.

Ya ce, "Mai Zane, haka kika koma? Iska za ta ɗauke ki."

Ta ce, "Kai kuma kunnuwan nan har yau ba su sami aiki ba?"

Ya yi dariya, idonsa ya kawo ruwa. Ita hannunta ne kawai ya faɗa don ya saba, fuskarta ba ta bi shi ba. Ta ce masa yaron zai tafi da ita Tanja yau, ya kai ta wurin abokinsa.

Jilali ya bugi ƙirji ya ce ko ido rufe zai kai ta, ai shi ya fara zuba ƙasa. Suka bi ta ƙofar gari suka hau tudun maƙabarta, yana gaba yana tafiyar mai tabbas. Da suka wuce wani ɓaure ya rage sauri. Ya je dama, ya dawo, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ranar jana'iza ruwa ake yi, in ji shi, kuma nan duk fili ne. Yanzu fili ya cika, layi bayan layi, duk jar ƙasa iri ɗaya. Dawiya ta tsaya riƙe da jarkarta.

Suka nemi mai gadi, wani dattijo mai hular ulu da ke zaune a ɗan ɗaki bakin ƙofa da ƙaton littafi. Jilali ya taɓa kunne, ya girgiza hannu, ya nuna kaburbura, ya ɗaga yatsu huɗu, wato wata huɗu. Dattijon ya faɗi wata magana yana murmushi. Jilali yana ɗan tsintar magana a leɓe, ya juyo ya gaya mata.

"Wai duk wanda aka kawo masa nan ba ya ji. Suna yake so."

Dawiya ta matsa gaba ta ja yatsa a girarta ta hagu. Mai gadi ya dube ta. Ta sake, a hankali, yadda ake yi wa mai nauyin kai. Ya buɗe littafi ya miƙo mata biro. Ta dubi Jilali, Jilali ya dubi ƙasa. Shekara hamsin suna shan shayi a tebur ɗaya, abin da ya sani kawai shi ne in masu ji za su kira abokinsa leɓunansu suna fara haɗuwa. Takardun mamacin duk suna jakar Abdulhaƙ. Ita kuwa bai taɓa zuwa mata a rai ba cewa mijinta yana da wani sunan da za a tambaye ta ta kasa faɗa.

Ba yadda za a yi, Jilali ya ciro waya ya kira Abdulhaƙ ta hoto. Fuskarsa ta cika wayar, ido ja, baki na gudu, ga lungu yana wucewa a bayansa, da alama neman ta yake yi gida-gida. Jilali ya miƙa wa mai gadi. Dattijon ya saurara, ya lashi yatsa, ya yi ta juya shafi, ya tsaya. Ya juyo mata da littafin ya ɗora farce a wani layi. Bushta ɗan Allal. Ta sunkuya ta kalli 'yan lanƙwashe-lanƙwashen tawadar, ta daɗe tana kallo ko za ta ga wani abu nasa a ciki. Ba ta ga komai ba.

Littafin layi kawai ya sani, bai san gurbi ba. Mai gadi ya kai su can bayan ɓauren, ya nuna. Kabari goma sha shida ne a layin. Bakwai an kafa musu dutse mai rubutu, ba nasa a ciki, don Abdulhaƙ ya ce zai sa a yi, bai kai ga yi ba. Biyu gajeru ne, na yara. Saura bakwai. An tambayi Abdulhaƙ a waya, ya ce yana jin wajen tsakiya ne, amma ba zai rantse ba, su tsaya nan ga shi nan zuwa a tasi.

Mai gadi mutum ne mai tausayi. Ya ce a gaya wa uwargida ta tsaya a farkon layi ta yi sallama ta faɗi abin da ke ranta, mamaci yana ji daga ko'ina, haka kowa ke yi. Jilali ya mayar mata.

Ta ce, "Shi ba ya ji."

"Malamai sun ce a can kowa yana ji."

"Malaman sun san shi?"

Jilali ya sauke hannayensa. Ta je famfo ta cika jarka, ta dawo tana tafiya a karkace saboda nauyi. Ta durƙusa a kan kabari na farko cikin bakwai ɗin, ta zuba ruwa kaɗan, da lissafi, don ya kai ga sauran. Kurma ba a fara yi masa magana sai an taɓa shi ya juyo. Ta daki ƙasar da tafin hannu sau biyu, ta dakata gwargwadon yadda mutum zai ɗago kai. Sannan ta miƙe ta tsaya inda za a gan ta sosai, ta gyara hannun jallabiya, ta yi maganarta. Ba doguwa ba ce. Ta gama ta ɗauki jarka ta matsa na biyu, ta durƙusa, ta zuba, ta daka, ta jira, ta sake faɗa daga farko, ba ta rage ko kalma ba. Wasu mata da suka zo ziyara suka tsaya daga nesa suna kallo, ɗaya ta kama baki.

Tana kan na biyar Abdulhaƙ ya iso yana haki. Ya nufo ta, Jilali ya sa hannu a ƙirjinsa ya tsayar da shi. Ya tsaya yana kallon hannayen uwarsa. Cikin duk abin da take faɗa "yaron" kaɗai ya tsinta, wato shi, da "tafiya". Ya juya ga Jilali ya buɗe tafin hannu, me take cewa? Jilali ya ɗaga hannu zai fara, ya tuna da wa yake magana, ya mayar da shi aljihu.

Gwiwoyin jallabiyar sun yi jar laka. A kan na shida ta daki ƙasa, ta jira, ta miƙe da ƙyar.

Ta ce, "Mai Gira, ni ce. Yaron zai tafi da ni Tanja yau. Ban san ranar dawowa ba. Kada ka neme ni a gida, ba kowa. Kai ba ka gaya min ba. Ni ga shi na gaya maka."

Ta girgiza jarkar ta ji saura kaɗan a ciki, ta matsa na bakwai.