Zobban da Ke Hannun Baba

Babanmu kafinta ne, kuma mafaɗaci na ƙarshe. Shekara talatin yana yankan katako, ban san ranar da ya wuni bai ɗaga murya ba. Ya taɓa zubar wa direban tifa haƙori don ya tare masa ƙofar shago. Mu kanmu da mun ji tarinsa a waje, kowa sai ya shiga taitayinsa.

Wata rana da hantsi suka haura da ƙanensa, Baba Ƙarami, kan wani katako da aka yanka a karkace. Injin zarto na kunne. Baba ya shaƙe masa wuyan riga.

"Yaya, sake ni!"

"In na ƙi fa?"

Ya kwaɗa masa mari, ya bi da naushi. Baba Ƙarami ya hankaɗe shi. Baba ya yi taga-taga, ya kai hannu zai dafa tebur, sai ya dafa zarton.

Fata kaɗai ta rage tana riƙe da hannun daman. Jini na tsartuwa har bango. Baba Ƙarami ya zare bel ya ɗaure masa damtse, Baba kuwa yana zaginsa yana dukansa da hagu har cikin mota.

Awa tara aka yi a ɗakin tiyata. Da likitar ta fito, ta ce ƙashin ta kama shi da ƙarfe, jijiyoyin da ke kai jini ta ɗinke da zare, masu dawo da shi kuma da zobba ta haɗa su. Ta nuna mana ɗaya a tafinta, da kaɗan ya fi kan ashana, yana da 'yan haƙora kewaye.

"Ana zura bakin jijiya a ciki, a naɗe shi kan haƙoran," in ji ta. "Ɗaya ɓangaren ma haka. Sai a matse su da wani ɗan inji, su ciji juna."

Kwana biyu bayan nan Baba Ƙarami ya shigo dubiya. Baba ya zabura daga gado, ya jefe shi da kwalbar ruwa, hannun ya bugi ƙarfen gado. Kafin awa guda yatsun sun kumbura sun yi baƙi. Aka sake mayar da shi tiyata.

Da ya farfaɗo, likitar ta tsaya a kansa.

"Baba, na yanke wurin da ya toshe na sake haɗawa. Jijiyar ta gajarce. In ka ƙara, guntulewa zan yi."

Ban taɓa ganin an yi masa tsawa ya yi shiru ba sai ranar.

Hannun ya rayu, yatsu uku ke motsi. Yanzu shafa fenti yake yi, shagon na hannun Baba Ƙarami, wanda kullum da safe yake zuwa ɗaukarsa a babur. Shekara biyu ke nan Baba bai amsa gaisuwarsa ba, amma yana hawa.