Ramin da Muka Haƙa a Gonar Muntaka

Ni haƙar rijiya ce sana'ata. Muntaka kuwa manomi ne a wani ƙauye kusa da Shanono. Gonarsa ɗaya ce tal, a kwari take, geronta ne abincin gidansa na shekara. Duk rani da jaki yake kai mata takin gida, har ƙasarta ta yi baƙi.

Shekarar da takin zamani ya gagari talaka, samari suka bazama neman zinariya. A lokacin ne 'yarsa Aishatu, mai karatun kimiyya a Kano, ta zo hutu. Ta ce masa masana na zaton akwai ƙaramin farin tauraro da wutarsa ta ƙare, wanda in nauyi ya yi masa yawa sai ya rufta ya fashe, kuma wataƙila a irin wannan fashewar ake samun ƙarafa masu nauyi kamar zinariya.

Saura kwanaki ruwan shuka ya sauka, Muntaka ya kira ni gonar.

"Ɗanliti, abin da ya zubo daga sama, ina yake taruwa?"

"A kwari."

"To gonar wa ke kwari?"

Aishatu, da ta biyo shi gonar, ta ce, "Haba Baba, wannan fa tun kafin a yi duniya ne."

"To a kan me ya zubo?"

"Ba zubowa ya yi ba. Yana cikin abin da aka yi ƙasar da shi."

"Ke kika ce ya rufta. Ɗanliti, rijiya in ta rufta, sama take yi?"

Na ce ƙasa take yi. Iyakar sanina ke nan.

Ya ce in haƙa masa rami mu nemi zinariyar, na fara haƙa. Baƙar ƙasar sama na tara ta gefe guda, ban tambaye shi ba. Jar ƙasa muka yi ta fitarwa, sai marmara, tsibi-tsibi har ta rufe rabin gonar. Yana wanke tsakuwa a kwano yana duba. Ba komai.

Muna zurfin gaba uku ruwa ya sauka. Maƙwabta suka shuka gero, ya ce mu ƙara gaba ɗaya. Da geron Sabo, maƙwabcinsa, ya kai gwiwa, sai Muntaka ya ajiye kwanon ya ce, "Cike shi."

Kwana shida muna cikewa, na mayar da baƙar ƙasar a kai. Lokacin gero ya wuce, wake ya shuka.

Muna shukar ya tsaya ya ce, "Ni har yanzu ban gane ba. Ya rufta, kuma bai faɗo ba?"

Na miƙa masa ƙwaryar iri.