Koriyar Igiyar Nenita

Ranar da Mang Primo ya fara aiki a sitonmu na garin Valenzuela, ni ce na fara yi masa dariya. Mutum ɗan shekara hamsin da bakwai, rana ta gasa masa fata, ya zo dakon kwalaye sanye da farar rigar zuwa coci da silifas. Dindo, helimanmu, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Tatang," wato baba tsoho, "nan fa ba wurin ɗaurin aure ba ne. Kwali ɗaya ya fi ka nauyi."

"Gwada ni," in ji shi.

Ya sunkuya ya rungumi wani kwali da sai mutum biyu ke ɗagawa, ya aza a kafaɗa, ya tambayi inda za a kai. Dindo ya nuna masa wurin. Daga baya muka ji cewa masunci ne daga tsibirin Masbate, shekara arba'in yana jan taru daga teku.

Sunana Remedios, amma Aling Medy ake ce mini, kuma shekara goma sha tara ina tsaye a ƙofar karɓar kaya. Abin da ke shigo mana shi ne kwalayen da 'yan'uwanmu masu aikatau a ƙasashen waje ke aiko wa gida. Mace za ta yi wata shida tana cika kwali ɗaya, yau sabulu, gobe gwangwanin nama, jibi takalmin yaro, kowane da sunan mai shi a manne. Mu mu sauke daga kwantena, mu ɗora a kan injin bel, ya tura su can ƙofar fita, inda maza ke loda wa motoci. A can aka sa Mang Primo.

Aiki kam ya iya. Abu ɗaya ne ya dame ni da shi. Da an tashi cin abincin rana, kowa ya buɗe shinkafarsa da busasshen kifi, shi sai ya sulale zuwa kusurwar da muke kira wurin marayu. Nan muke jibge kwalayen da adireshinsu ya goge, ba a san mai su ba. A lokacin sun fi ɗari biyu, yawancinsu daga kwantenar Hong Kong da guguwar watan Satumba ta jiƙa a tashar jiragen ruwa. Zai bi su ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bayansu, yana shafa gefensu.

Ni kuwa ba na ganin abu in yi shiru. Rana ta huɗu na tare shi.

"Mang Primo, me ka ajiye a nan?"

"Babu komai, Aling Medy. Inuwa nake sha."

"Duk siton nan inuwa ce. Bari in gaya maka, wanda ya riga ka a wurin nan gwangwani biyu ya zara aka kore shi. In hannunka na ƙaiƙayi, ka soshe shi a bango."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya gode da nasiha. Na tafi ina jin na yi abin kirki.

Doka ce a wurinmu, maraya in ya cika wata shida ba a zo nemansa ba, sai a sayar wa 'yan gwanjo a rufe, a kan sikeli. Kwanan Mang Primo tara da fara aiki motarsu ta zo. Da Dindo ya nemi masu lodi, shi ya fara ɗaga hannu. Bai yarda a yi amfani da amalanke ba. Kowane kwali sai ya juya shi ta fuska huɗu kafin ya ɗauka, har direban ya fara zagi, yana cewa ko tsohon nan zaɓen amarya yake yi. Da aka gama, rigarsa ta jiƙe sharkaf, amma sai na ga fuskarsa ta saki. Har ya zauna ya ci abinci tare da mu a karon farko, ya ba Dindo rabin ƙwansa.

Bayan mako biyu, wata Asabar, ruwa ya hana kwantena isowa, muka zauna a bakin ƙofa ba aiki. Ya zo ya zauna kusa da ni a kan katako, ya daɗe yana murza hularsa.

"Aling Medy, ke da kika daɗe a nan. Kwantenar Hong Kong ta watan Satumba, akwai sauran kayanta a wani sito?"

"Babu. Duk nan ta sauke. Me ya faru?"

Sai ya ba ni labari. Matarsa Nenita ta yi shekara goma sha ɗaya tana renon 'ya'yan wasu a Hong Kong. Sau uku kacal ta zo gida. Da kuɗinta aka yi wa gidansu rufin kwano, da shi 'yarsu Marivel ta gama karatun jinya. A watan Agusta ta kira shi ta ce ta aiko kwali, na ƙarshe ke nan, domin Kirsimeti za ta dawo gaba ɗaya. Ta ce, "Akwai abinka a can ƙasa, na naɗe da tawul. Ba zan faɗa maka ko mene ne ba, ko za ka mutu da tambaya." Ya yi ta roƙo tana dariya. Bayan kwana ashirin ta yanke jiki ta faɗi a kicin ɗin masu gidanta. Gawarta ta riga kwalin isowa, shi kuwa kwalin bai iso ba har yau.

Ya zo ofishinmu sau biyu daga Masbate, kwana guda a jirgin ruwa kowace tafiya. Suka ce sai da lambar rasit. Rasit kuwa yana cikin tarkacen Nenita da masu gidanta suka zubar. Da ya ga takardar neman lebura a manne a ƙofa, sai ya sayar da injin kwalekwalensa ya kama ɗaki a nan kusa.

"To me ya hana ka faɗa tun ranar farko?" na tambaye shi, raina ya fara ɓaci.

"Wa zai ɗauki mai neman kaya aikin gadin kaya? Ke ma kanki ɓarawo kika ɗauke ni."



"Amma hankalina ya kwanta da abu ɗaya," ya ci gaba. "Ba ya cikin waɗanda aka sayar. Na duba su duka da hannuna. Nenita ba ta yarda da salatif kaɗai, kullum sai ta ɗaure kwalinta da koriyar igiya, ta saƙa ta kamar taru. Ni na koya mata ƙullin tun muna saurayi da budurwa. Shekara goma sha ɗaya haka suke iso mini. Ko daga nesa na hango zan gane shi."



Abin da bai sani ba, kuma ba yadda za a yi mai aiki a ƙofar fita ya sani, shi ne bara aka kawo mana injin bel. Igiya tana sarƙe masa ƙafafu ya tsaya cik. Saboda haka duk kwalin da ya zo da igiya, tun a bakin kwantena muke yanke ta. Ba su da yawa yanzu, sai na mutanen ƙauye jefi-jefi. Wuƙar kuwa a aljihuna take zama. Na tuna koriyar igiyar sarai, domin a cikin jiƙaƙƙun kwalayen nan ita kaɗai ce, kuma saƙarta ta burge ni har na ƙi jefa ta a shara. Wuri biyu kawai na yanka, na zare ta kamar riga, na tura kwalin wurin marayu tsirara. Wata shida ke nan tana rataye a bayan ɗakina ina shanya tsummokara a kai.

Ban faɗa masa a ranar ba. Tsoro na ji, ba zan ɓoye ba. Ranar Lahadi na bar coci na nufi wurin 'yan gwanjon a unguwar Tondo. Matar da ta sayi kayan ta yi mini kallon mahaukaciya. Ta ce tun a makon suka farke kwalayen, suka ware tufafi gefe, takalma gefe, gwangwanaye gefe, an raba wa 'yan kasuwa har can garin Baguio. Na ce wani abu ne a naɗe da tawul. Ta ce, "Ate," wato yaya, "rabin kayan da tawul ake naɗo su. Mene ne abin?" Na ce ban sani ba. Ta koma kan sikelinta.

Ranar Litinin da rana na same shi a wurin marayu, inda sababbi bakwai suka taru, yana juya su. Na miƙa masa leda. Na wanke igiyar, amma ban taɓa ƙulli ko ɗaya ba. Na faɗa masa komai a tsaye, ban rage ba: ni na yanke, kwalin yana cikin ɗari biyun nan, kuma motar ta tafi da shi.

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai kawai ya zauna a ƙasa.

"Ke nan na ɗauke shi," ya ce.

"Ka ɗauke shi."

"A kafaɗata."

Na ce e.

Ya shimfiɗa igiyar a cinyarsa yana bin ƙullin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba taru kafin shiga ruwa. Dindo ya leƙo zai yi magana, na harare shi ya koma. Can wajen ƙulli na goma yatsansa ya tsaya.

"Kin gani, Aling Medy? Nan ta bi ta hagu. Kullum a kusurwa sai ta bi ta hagu. Shekara talatin ina gaya mata ta dama ake bi, sai ta ce ai ya riƙe."

Ya ja ƙullin da ƙarfi, bai kwance ba. A nan ne ya kifa fuskarsa a kan igiyar, ni kuma na juya baya na ba shi wuri.

Har yanzu yana aiki a ƙofar fita, ya ce ba shi da injin da zai koma wa teku. Yana gaishe ni kowace safiya, abin da ya fi komai yi mini ciwo ke nan. Ni kuwa na daina zubar da igiya. In na yanke, sai in naɗe ta in manna a saman kwalinta da salatif, Dindo yana mitar ina ɓata lokaci, ina ce masa ya kai ƙara.

Makon jiya muna cin abinci, Mang Primo ya ce mini wataƙila abin nan na cikin tawul agogo ne. Sai kuma ya ce a'a, Nenita ta san ba ya ɗaura agogo.