Karan-miski a Kan Maɓalli

Ni tela ne, kuma boko bai taɓa kama ni ba. An kai ni makaranta a Ekoudou, na zauna har na gane ƙarar ƙararrawar tashi, daga nan na ga ilimin ya ishe ni. Saboda haka duk wanda ya ji na taɓa zama mataimakin mai buga takardu da kwamfuta a unguwar Birik, ya yi dariyarsa. Matata ma ta yi.

A shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zaftare albashi, aka sallami ma'aikata. Wani Bafillace ɗan Garwa, wanda ya tsufa a kan tafireta a wani ofishin gwamnati, ya zo da injin kwamfutarsa ya kama rabin shagona. Teburin yanka ne iyakarmu. Ina ce masa Misye, yana ce mini Tela. Kowa a garin neman aiki yake, aikin kuwa babu, don haka bencinsa ba ya rabuwa da mutane. Mutum zai zauna ya faɗi damuwarsa da Hausa ko Fillanci, Misye ya mayar da ita Faransanci mai sitati.

Ni na fara gane cewa yanar ido ta soma rufe masa gani. Na ga ya daina taɓa ɓeran nan da ake ja a kan tebur, don ba ya ganin 'yar kibiyar da ke yawo a gilashi. Bai damu ba, ya ce dama ɓera abin ragwaye ne. Yakan danne maɓallin kusurwa da ƙaramin yatsa, ya taɓa wani harafi, takarda ta ajiye kanta. Ya taɓa wani, rubutu ya yi kauri. In ya yi kuskure ya taɓa na sama ta hagu, abin da ya ɓata ya dawo. Fuskarsa a sama yake aiki, kamar mai sauraron kiran salla daga nesa.

Yana da 'ya ma'aikaciyar jinya a Garwa. Ta faɗa masa ƙarara, ranar da ya kasa aiki za ta zo ta tafi da shi. Shi ba ya son tafiya. Ni ma ba na so, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Da wa zan yi gardamar shayi?

Sai wata rana aka ɗauke wuta, ta dawo da ƙarfi, ta kashe injin. Wani ɗan kasuwa Bakano ya samo masa wani, na hannu, daga Najeriya. Lafiyayye ne, illarsa biyu: Turancin Ingilishi yake ji, kuma wasu haruffa sun yi ƙaura daga inda yatsun Misye suka san su. Mai gyara ya zo daga Elig-Edzoa, ya ce zai juya su su koma irin na Faransa, amma sai ya dawo. Har yau muna jiransa. Kafin ya tafi dai ya zuba wa abin rubutun wasu 'yan mataimaka guda biyu, ya ce a gwada a ga wanda ya fi.

Na farko, ka buga masa sunan abin da kake so, ya nemo maka shi, ya nuna maka maɓallansa. Na sa masa suna Dillali. Na biyu ba ya jira a tambaye shi. Da ka danne maɓallin kusurwa ka ɗan yi jim, sai ya zubo maka duk abin da zai iya biyo baya, da ƙananan haruffa a gindin gilashi. Wannan Magulmaci ne.

Misye ya zaɓi Dillali, ya ce shi ne mai mutunci, sai an yi masa magana yake magana. Ya buga masa sunan kaurin rubutu da Faransanci.

"Tela, me ya ce?"

"Ya yi shiru, Misye."

"Duba da kyau."

"Na duba. Ɗan Najeriya ne, bai san ka ba."

Ni Magulmaci nake so, don halinmu ɗaya. Amma gulmarsa a rubuce take. Wanda ya iya karatu ba ya gani, ni mai gani ban iya karatu ba. Sai muka yi dabara. Ina leƙa gilashin ina faɗa masa kamannin haruffa: maciji, tsani, ƙugiya, mai ciki biyu, ɗinkin zigiza. Shi kuma ya haɗa su a kansa, ya gane kalmar ko ya yi hasashe.

"Maciji, bukka, sai wani kamar bakin almakashi."

"Wannan na ajiyewa ne. Da wane harafi ya haɗa shi?"

"Macijin dai."

"To, wannan bai yi ƙaura ba. Allah Ya yi masa albarka."

Duk wanda muka gano, sai in yanko ɗan ƙyalle in manna a kan maɓallinsa, don yatsa ya ji. Shadda ta ajiyewa ce. Leshi na kauri. Karan-miski, mai laushin nan, na dawo da abin da ya ɓata, wanda ya sauko daga sama ya koma ƙasa. Inda yake a da, wani harafi ne ya tare, mai rufe takarda gaba ɗaya. Wannan ban sa masa komai ba, na ce ko gaisuwa kada ta haɗa su. In kuma na hango wani abu ya karkace a gilashi daga kan kekena, sai in ƙwanƙwasa almakashi a tebur, ya tsaya.

Haka muka ci damina guda. Gardamar Dillali da Magulmaci kuwa ba ta ƙare ba. Da ya koyi sunayen da Ingilishi sai ya koma wa Dillalinsa, yana cewa Magulmaci na jahilai ne. Ni kuma in ce ai jahilin ne ya gabatar da su.

'Yar ta zo ba sanarwa, wata ranar Laraba bayan la'asar, hadari ya haɗu ta wajen Nkomkana. Ta durƙusa ta gaishe ni. "Baba Tela, yaya idonsa?" Na ce ido ras, jiya ma shi ya zura mini zare a allura. Ta dube ni irin duban da suke yi wa maras lafiyan da ya ce ya sha magani.

Akwai wani direba a benci yana neman aiki. Misye ya gyara zama, ya ce ta tsaya ta ga aiki. Ta tsaya a bayansa. Ruwa ya sauko a kan kwanon rufi. Direba na ɗaga murya, Misye na bugawa, gwanin sha'awa. Sai ya yi ɗan kuskure, ya ji shi a yatsa, ya tafi gyarawa. Hannun bai je kan karan-miski ba. Ya tafi sama ta hagu, inda ya saba tun a tsohon injin.

Wani ɗan akwati ya fito yana tambaya, yatsunsa suka amsa masa ba da saninsa ba, takardar ta rufe. Na ƙwanƙwasa almakashi. Na sake ƙwanƙwasawa har direban ya waiwayo. Ruwan ya fi ni murya. Misye ya ci gaba da bugawa a kan gilashin da babu komai, fuskarsa a sama, yana ɗan murmushi, har ya kai gaisuwar ƙarshe.

'Yar ta sunkuyo. Ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta yi masa magana a hankali da Fillanci. Ban ji duka ba, amma na ji "gida". Ya sauke hannuwansa a cinya.

"Tela, ka ƙwanƙwasa?"

"Na ƙwanƙwasa, Misye."

"To. Ruwa ne."

Na raka su tashar jirgin ƙasa. Injin an sayar, amma allon maɓallan ya ce a bar mini, wai ɗinkina ne. Ya kama hannuna ya ce, "Har yanzu Dillali ya fi." Na ce ya je can Garwa ya sami wanda zai yarda.

Mun yi ta aika wa juna gaisuwa ta bakin direbobi, har gaisuwar ta koma tafiya ita kaɗai ba ta dawowa. Rabin shagon yanzu buhunan yadi ne a ciki. Allon yana kan kanta, shaddar ta ɓare, leshin ya yi baƙi. Karan-miskin ne ya ƙi fita. In hadari ya haɗu ta wajen Nkomkana, nakan sauko da shi, in danne kusurwa da ƙaramin yatsa, in taɓa mai laushin. Ba a haɗe yake da komai ba, na sani. Jahilcina bai kai nan ba.