Hannun Inna Kulu a Bayan Baturiya

Ba na jin zan manta da ranar da aka haɗa ni da baƙuwar nan, ko da yake wata biyu ke nan kacal.

Ni ce ƙaramar tafinta a ofishinmu, kuma dokar aikin ɗaya ce: abin da aka faɗa shi za ki juya, ba ƙari ba ragi. Ana ta shirin karɓar mulkin kai, baƙi sun yi yawa. Babban akawu ya kira ni ya ce ga wata Baturiya mai duba makarantun mata, tana son ganin gari.

Muka zaga marina da majema da kasuwa. Da la'asar ta dafe ƙugu ta ce bayanta zai karye. Sai na kai ta Ƙofar Kware, ɗakin Inna Kulu, tsohuwar da ke yi wa matan unguwa tausa da man shanu.

Baturiya ta kwanta bisa tabarma tana dariya. Inna ta bi kafaɗa, ta gangara haƙarƙari. Da ta iso ƙarƙashin hammata sai ta tsaya, ta sake latsawa, ta janye hannu ta goge da zane.

A wurinmu mai tausa ba ta tsayawa tsakiyar aiki, sai in ta taɓa abin da ya fi ƙarfinta.

"Ɗiyata," ta ce da ni, "akwai ƙullutu nan, tauri kamar dutsi. Ciwon ga da ba a kiran suna nai. Kak ki hwaɗa mata, baƙuwa ta."

Baturiya ta ɗago. "Me ta ce?"

Tsohuwa ta hana, aiki ya ce in faɗa. Na faɗa mata.

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Na sani. Likita ya gaya mini ciwon daji ne, ko mijina bai ji ba tukuna. Shi ya sa nake son ganin gari da ƙafata. Ki roƙe ta ta ci gaba."

Na juya wa Inna. Ta ce, "Allah Sarki," ta lakuto mai, ta mayar da hannu a hankali.

Ku masu shigowa aikin nan, ku sani: ni da Inna muka san maganar, amma ta bakina kaɗai ta fita, kuma har yau ni ce ba na iya cin abinci sosai.